Bekisar: Zakaran da Ubansa Ke Daji, Uwarsa Ke Gida

Gabatarwa

A lardin Jawa ta Gabas na ƙasar Indunusiya akwai wani zakara da ake kira bekisar. Ba domin nama ake kiwonsa ba, ba kuma domin ya cika gida da 'yan tsaki ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne murya. Idan ya yi cara, sautin yakan fita da kaifi da tsawo, ya kai nisan da carar zakaran gida ba ta kaiwa, har ma mutanen yankin sun daɗe suna shirya gasa musamman domin sauraronsa. Kowane lardi a Indunusiya yana da fure da dabba ko tsuntsu da ke wakiltarsa, to, Jawa ta Gabas wannan zakara ta zaɓa.

Abin da ya sa ya cancanci a yi darasi a kansa shi ne, bekisar ba ya haifar bekisar. Duk wanda aka gani, ubansa zakaran daji ne, uwarsa kuwa kazar gida, kuma in ana bukatar wani sai an sake komawa ga irin waɗannan iyaye biyu. Mutanen tsibirin Madura da na tsibiran Kangean sun san haka tun kafin masana su gano dalili. Dalilin kuwa yana nan cikin darasin gadon halitta da ake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare.

Jinsi da iri

Kafin a shiga bayani ya kamata a rarrabe tsakanin kalmomi biyu da ake cakuɗawa a maganar yau da kullum, wato jinsi da iri. A wannan darasi, jinsi na nufin rukunin halittun da ke iya barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya, 'ya'yan nan su ma su haihu ba tare da wata tangarɗa ba. Iri kuwa reshe ne a cikin jinsi guda. Alal misali, durgu mai gajerun ƙafafu, da shazumama mai birkitaccen gashi, da kazar Fulani, da kajin gidan gona, duk ire-ire ne na jinsi ɗaya. In aka haɗa zakaran wannan da kazar waccan, za a sami 'yan tsaki, su girma su yi nasu. Ko kazar nan mai yawan ƙwai ta ShikaBrown, wadda masana suka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, haɗi ne na kaji da kaji, ba a fita daga gida ba.

Haɗin jinsi biyu wani abu ne daban. Misalin da kowa ya sani shi ne alfadari, ɗan jaki da goɗiya. Yana da ƙarfi da juriya, amma zuriya a kansa take tsayawa. Bekisar ɗan wannan sahu ne. Saboda haka kiransa irin kaza, kamar yadda ake yi a wasu rubuce-rubuce, kuskure ne, domin iri yakan maimaita kansa, shi kuwa ba ya yi. Ruwa biyu ne, kuma a zuriyar farko kaɗai ake samunsa.

Kajin daji huɗu

A duniya akwai jinsin kajin daji guda huɗu, dukkansu a nahiyar Asiya, kuma masana sun tara su a ƙarƙashin suna ɗaya na Latin, wato Gallus. Akwai ja, wanda ya bazu daga arewacin Indiya zuwa kudancin Sin da Tailan da Indunusiya. Akwai mai ruwan toka a kudanci da yammacin Indiya, akwai na tsibirin Siri Lanka, sa'an nan akwai kore, wanda shi ne uban bekisar.

Tun a shekarar 1868 Charles Darwin ya kawo hujjojin cewa kazar gida daga jan kazar daji ta fito, kuma binciken zamani ya tabbatar da ginshiƙin maganarsa. A shekarar 2020 wasu masana suka kwatanta ƙwayoyin gado na kaji 863, na gida da na daji, suka gano cewa asalin kazar gida wani reshe ne na jan kazar daji da ke zaune a kudu maso yammacin Sin da arewacin Tailan da Myanmar. Masu haƙa kayan tarihi kuma sun bayyana a 2022 cewa tsofaffin ƙasusuwan kazar gida waɗanda babu shakka a kansu an same su ne a wani wuri da ake kira Ban Non Wat a Tailan, kuma sun kasance tsakanin shekara ta 1650 da ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, a lokacin da noman shinkafa ya kankama a yankin. Da alama hatsi ne ya jawo tsuntsun daga daji zuwa kusa da mutane. Ke nan kazar gida da jan kazar daji jinsi ɗaya ne. Kore kuwa dangi ne na nesa, domin masana sun ƙiyasta cewa reshensa ya rabu da na sauran ukun kimanin shekara miliyan huɗu da suka wuce.

Koren zakaran daji

Sunansa na Latin Gallus varius, kuma mazauninsa na asali a Indunusiya yake: a Jawa, da Bali, da Lombok, da Komodo, da Flores, da ƙananan tsibiran da ke tsakaninsu. Daga nesa sai a ɗauka baƙi ne. In rana ta haska shi ne ake ganin gashinsa yana walƙiya kore da shuɗi da ruwan tagulla. Gashin wuyansa ba dogaye ne masu tsini irin na zakaran gida ba, gajeru ne masu faɗi, sun hau kan juna kamar ɓawon kifi.

Akwai alamomi uku da ɗalibi zai iya rarrabe shi da su ko a hoto. Zankonsa ba shi da haƙora irin na zarto, gefensa sumul yake, kuma launinsa ya fara da shuɗi-shuɗi a gindi ya ƙare da ja mai ratsin shunayya. Zakaran gida leɓe biyu gare shi a ƙarƙashin baki, shi kuwa wannan guda ɗaya ne tak a tsakiyar maƙogwaro, mai launin ja da rawaya da shuɗi. Har ila yau gashin wutsiyarsa 16 ne, alhali na sauran kajin 14 ne. Macen ba ta da wannan ado ko kaɗan, launin ƙasa-ƙasa gare ta mai ɗigo-ɗigo, wanda ke ɓoye ta idan tana kwanci.

Tsuntsu ne na bakin teku da gefen gonaki da fili mai ciyayi, ba na tsakiyar kurmi ba. Yakan yi kiwon tsaba da ƙwari, ya kuma bi gaɓa yana tsintar ƙananan halittun da ruwa ya bari. Ya fi sauran kajin iya tashi sama, har yakan ƙetare ruwa daga ƙaramin tsibiri zuwa wani. Ga shi da tsoro ƙwarai, motsi kaɗan ke razana shi. Kukansa kuma ba cara ba ce irin wadda aka saba ji da asuba, wata ƙara ce gajeriya mai kaifi.

Yadda ake samar da bekisar

Da a ce za a saki koren zakara a cikin kajin gida a zuba ido, da wuya a ga sakamako. Kowane jinsi yana da tasa hanyar neman mace, da irin kira da rangwaɗar da macen ke ganewa, kuma wannan shi ne shinge na farko da ke raba jinsi da jinsi. Aikin mai kiwo shi ne ya san yadda zai tsallake shi.

Dabara ta farko ita ce sabo tun daga ƙuruciya. Ana rainon ɗan tsakon daji tare da kajin gida, ko ma a sa wa kazar gida ƙwansa ta ƙyanƙyashe, yadda zai tashi yana ganin su ne danginsa. Masu kiwo a ƙasar Hausa sun san irin wannan, domin sun saba sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai, 'yan zabin su tashi suna bin ta a matsayin uwa. Masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya yi suna ne a kan nazarin wannan ɗabi'a ta 'ya'yan tsuntsaye, wato manne wa abin da suka fara gani bayan fitowa daga ƙwai. Dabara ta biyu ita ce zaɓen kaza ƙarama mai launin ƙasa-ƙasa wadda ta yi kama da macen daji. Wasu kan nuna wa zakaran macen jinsinsa a matsayin tarko, in ya zaburo sai a gabatar masa da kazar gida. A zamanin yanzu kuma akan yi amfani da hanyar ɗura wa kaza maniyyin zakara da hannu.

Ko an yi nasara a nan, ba duk ƙwai ke ƙyanƙyashewa ba, kuma cikin waɗanda suka fito mazan ne kaɗai ke da kasuwa. Wannan ne ya sa bekisar ya yi ƙaranci, ya kuma yi tsada. Kamanninsa yakan bi na iyaye biyun: girman jiki ya fi na uban, gashi mai sheƙi, launi kuwa ya danganta ƙwarai da kazar da aka zaɓa, shi ya sa ake samun baƙi da ja da fari. Kyansa ya taɓa ruɗin masanan Turai na ƙarni na 19, waɗanda suka ga fatunsa suka ɗauka sabon jinsin tsuntsu ne, har suka raɗa masa sunan Latin, Gallus aeneus, kafin daga baya a gane cewa ruwa biyu ne.

Daga ina muryar ta fito?

Tsuntsu ba ya yin sauti da maƙoshi irin na mutum. Gaɓar sautinsa tana can ƙasa a cikin ƙirji, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu. Iska na ratsa wasu siraran fatu a wurin, su yi rawa, sauti ya fita. Faɗin bututun, da ƙarfin tsokar da ke riƙe da shi, da umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa, su ne ke tsara yadda kukan zai kasance.

Tambaya mai muhimmanci a nan ita ce, shin zakara koyon cara yake yi ko kuwa gadonta yake yi? Aku da kanari sukan saurara su kwaikwaya, amma kaza ba haka take ba. A shekarar 1963 Masakazu Konishi ya nuna cewa 'yan tsakin da aka kurmantar tun suna ƙanana sukan girma su yi cara daidai, ko da yake ba su jin ta kowa, ba su ma jin tasu. A 1988 kuma wasu masana a Faransa suka ɗebi wani sashe na ƙwaƙwalwar salwa tun tana cikin ƙwai suka dasa wa ɗan tsakon kaza shi ma a cikin ƙwai. Da ya ƙyanƙyashe sai ya riƙa kuka irin na salwa. Hatta lokacin cara a jiki yake: a 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka ajiye zakaru a ɗaki mai dishi-dishin haske dare da rana, amma duk da haka suka ci gaba da cara a kusan lokacin da suka saba, abin da ya nuna cewa agogon cikin jikinsu suke bi, ba hasken alfijir kawai ba.

Tun da cara gado ce, to, ɗan da ya gaji jinsi biyu tilas ya fito da wata murya ta uku. Bekisar ya ɗauko kaifi daga wajen ubansa, ya ɗauko ƙarfi da tsawon numfashi daga dangin uwarsa. Kuma da yake kajin gida sun bambanta da juna ƙwarai, muryar wannan bekisar ba ta zama daidai da ta wancan.

A teku da filin gasa

Madura tsibiri ne da ke daura da birnin Surabaya, kuma tun 2009 gada mai tsawon fiye da kilomita 5 ta haɗa su. Tsibiran Kangean suna can gabas da shi, kimanin kilomita 120 cikin teku. Mutanen wuraren nan Musulmi ne, sun shahara da su da haƙar gishiri da tseren shanu, kuma tun zamanin da an san su da tuƙa jiragen ruwa masu tafiya da iska. A wurinsu ne al'adar kiwon bekisar ta fi kafuwa.

Bisa ga abin da ake ba da labari na al'adarsu, matuƙa kan sa zakaran a kwandon gora su rataye shi a saman dogon itacen da ke tsakiyar jirgi. Da yake zakara ba ya jin carar wani ya yi shiru, in na wannan jirgi ya yi, sai na wancan ya amsa. A lokacin da babu rediyo babu waya, ga duhun dare ko hazo, wannan amsa-kuwwa ta isa ta sanar da ayarin masunta cewa 'yan'uwansu suna kusa, kuma tun da kowane zakara da tasa murya, ana iya sanin jirgin wane ne. Mai karatu zai lura cewa siffofin nan biyu da aka ambata a sama, wato kaifin sauti da bambancin murya, su ne daidai abin da matuƙi ke bukata.

Yau jirage sun sami inji da na'urorin sadarwa, saboda haka bekisar ya sauko daga teku ya koma filin gasa. A ranar gasa akan kafa dogayen sanduna a jere a fili, a sa kowane zakara a kejinsa mai ado, a ja shi da igiya zuwa sama. Alƙalai kan zagaya a ƙasa suna saurare. Sukan raba carar kashi biyu, farko da ƙarshe: ana son farkon ya fito da kauri da tsabta, ƙarshen kuma ya miƙe da tsawo ba tare da karyewa ba. Zakaran da ya ƙarasa kukansa irin na zakaran gida ya faɗi. Wanda ya ci gasa kuwa darajarsa takan ninka, mai shi kuma ya sami girma a cikin jama'a, kamar yadda mai ingarman doki ke samu a wasu ƙasashe. Akwai abin lura a nan. Mai dokin da ya yi fice yana sa ran 'ya'yan dokin su gaje shi, amma mai bekisar ba shi da wannan fata. Hausawa kan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Shi dai wannan yakan yi tasa, sai dai ba ya barin magaji.

Me ya sa matan ke zama juya?

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu abubuwa masu kama da zare da ake kira kuromosom, kuma a jikinsu ne ƙwayoyin gado ke jere. Suna zuwa ne biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, kaza tana da 78. Matsalar alfadari tana da sauƙin ganewa ta hanyar lissafi: doki yana da 64, jaki yana da 62, sai ɗansu ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai a lokacin da jiki ke shirya ƙwayoyin haihuwa. Sha'anin bekisar ya ɗan bambanta, domin nakasar ba ta faɗa wa maza da mata daidai ba. Mazan da dama sukan iya ba kazar gida ƙwai mai ƙyanƙyashewa. Matan ne galibi juya, ko dai ba su yin ƙwai, ko su yi wanda ba ya fitar da komai.

A shekarar 1922 masanin nan na Ingila J.B.S. Haldane ya tattara labarin haɗe-haɗen jinsuna masu yawa, ya fitar da wata ƙa'ida da har yau ake kira da sunansa. Ma'anarta ita ce, idan aka haɗa jinsi biyu aka ga ɗaya daga cikin maza ko mata na 'ya'yan ya yi ƙaranci, ko ya ɓace, ko ya kasa haihuwa, to wanda kuromosom ɗinsa na tantance namiji da mace ba su zo iri ɗaya ba ne. A wajen mutum da sauran dabbobi masu shayarwa, mace ce ke da biyu iri ɗaya, wato XX, namiji kuwa XY. A wajen tsuntsaye abin ya juya: zakara ne ke da ZZ, kaza kuwa ZW. Ke nan a tsuntsaye uwa ce ke tantance ko ɗan tsako zai zama namiji ko mace, saɓanin yadda yake a mutane.

Yanzu sai a bi haɗin daki-daki. Uba, koren zakara, yana da Z biyu, dukkansu na daji. Uwa, kazar gida, tana da Z na gida da W. Ɗa namiji zai karɓi Z na daji daga uba da Z na gida daga uwa. 'Ya mace kuwa za ta karɓi Z na daji daga uba da W daga uwa, wato ba ta da Z na gida ko ɗaya. Kuromosom Z babba ne mai ɗauke da ƙwayoyin gado masu yawa, W kuwa ƙarami ne, abin da ke cikinsa kaɗan ne. Ƙwayoyin gado ba su aiki su kaɗai, sai da haɗin kan waɗanda ke kan sauran kuromosom. To, jinsunan nan biyu sun yi miliyoyin shekaru a rabe, kowanne yana sauyawa ta hanyarsa, har ya zamana wasu ƙwayoyin gado da ke kan Z na daji ba su jituwa da takwarorin aikinsu na gida. A jikin namiji, in na daji ya kasa, akwai Z na gida a gefensa da zai rufe giɓin. A jikin mace babu mai rufewa. Ana iya kwatanta abin da mota mai tayar safiya da wadda ba ta da ita: ƙusa ɗaya suka taka, amma ɗaya ce ta kwana a hanya. Wannan shi ne bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana.

Hanyar gwada ƙa'ida ita ce a duba ko ta yi aiki a wani wuri. In Haldane ya yi daidai, a dabbobi masu shayarwa maza ne ya kamata su cutu. Haka kuwa abin yake. A tsaunukan Tibet da Nepal ana haɗa saniya da wata dabba mai yawan gashi da ake kira yak, kuma 'ya'yan mata sukan haihu, mazan ne ba su haihuwa. Ko a alfadarai, 'yan kaɗan ɗin da aka tabbatar sun taɓa haihuwa mata ne.

Saura tambaya ɗaya: tun da namijin bekisar yana iya haihuwa, me zai hana a haɗa shi da kazar gida? Ana yin haka, kuma a Indunusiya ana kiran abin da aka samu bekikuk. Amma lissafi ya nuna inda matsalar take. Bekisar rabi daji ne rabi gida. Ɗansa da kazar gida, a matsakaici, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na daji, jikansa kashi ɗaya cikin takwas. Da haka kaifin muryar ke dusashewa, carar ta koma ta zakaran gida.

Shinge mai 'yar kafa

Haihuwar da mazan ke yi tana nufin shingen da ke tsakanin jinsunan Gallus bai toshe sarai ba, kuma an ga alamar haka a jikin kajin gida. A 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano cewa ƙwayar gadon da ke sa fata da ƙafafun kaza su zama rawaya ba daga jan kazar daji ta fito ba, daga mai ruwan toka ta Indiya ta fito. Wato a wani lokaci can baya an yi barbara tsakanin jinsunan biyu, kuma duk kaza mai rawayar ƙafa da ke kiwo a tsakar gida a Kano ko Maraɗi tana ɗauke da wannan gado. Wani bincike da Raman Lawal da abokan aikinsa suka buga a 2020 ya sami burbushin gadon sauran kajin dajin uku a cikin kajin gida, amma na kore ne mafi ƙanƙanta.

Wannan ƙaranci ya amfani koren zakaran. Jan kazar daji, da yake jinsinta ɗaya da ta gida, babu abin da ke hana su cakuɗa a duk inda ƙauye ya matso daji. Wani nazari da aka buga a 2023 ya nuna cewa kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na ƙwayoyin gadon jajayen kajin daji na yanzu daga kajin gida suka samo shi. Kore kuwa juyancin 'ya'yansa mata ya zame masa katanga.

Haɗarin da ke gabansa na wani fanni ne. Tun da kowane bekisar sai da uba ɗan daji, duk lokacin da kasuwar gasa ta yi zafi, masu ɗana tarko sukan ƙaru, kuma zakarun da suka fi kyau da murya su ake nema. Kiwon koren zakara a keji yana yiwuwa, ana ma yi, amma yana da wuya saboda tsoronsa, shi ya sa kamowa daga daji ya fi sauƙi ga mai gaggawa. Ga kuma matsin ƙasa: Jawa kaɗai tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 150, sama da rabin al'ummar Indunusiya, kuma bakin teku da filayen da tsuntsun ke so su ne mutane ke mayarwa gonaki da gidaje. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu a halin yanzu, kuma yana samun mafaka a gandayen da hukuma ta keɓe, irin su Baluran a Jawa ta Gabas da Komodo. Sai dai wannan hukunci ya shafi jinsin ne gaba ɗaya. Ƙaramin tsibiri yana iya rasa nasa tsuntsayen ƙaf ba tare da lissafin duniya ya motsa ba, kuma masu kiwon wannan tsibiri ne za su fara ji a jikinsu.

Aikin aji

Malami zai iya zana akwati mai gida huɗu a allo, ya rubuta Z biyu na koren zakara a sama, Z da W na kazar gida a gefe, ya yi amfani da alli mai launi biyu domin a rarrabe na daji da na gida. Ɗalibai su cike gidajen, su nuna waɗanne ne maza, waɗanne ne mata, su kuma faɗi wanda ba shi da Z na gida. Daga nan sai a juya haɗin, a sa zakaran gida da koriyar kazar daji, a tambaye su wane irin Z 'ya'ya mata za su ɗauka a wannan karo, kuma ko ƙa'idar Haldane za ta canja.

Aiki na biyu na waje ne. Kowane ɗalibi ya duba kaji 20 a gida ko a kasuwar kaji, ya rubuta nawa ne masu rawayar ƙafa, nawa ne masu fara, nawa ne masu baƙa ko ruwan toka, sa'an nan a haɗa alƙaluman ajin a fitar da kashi cikin 100. A tuna wa ɗalibai cewa baƙin launi yana iya rufe rawaya, kuma kazar da ta daɗe tana ƙwai, ko wadda ba ta samun ganye da jar masara, ƙafarta takan koɗe ko da tana ɗauke da ƙwayar gadon.